Ƙayar Tarwaɗa

Kifi goma sha ɗaya suka taso saman ruwa a safiyar nan, ciki sama, jiki duk gyambo. Mai Tarwaɗa ya tsaya a bakin tafkin siminti yana tsamo su da hannun hagu, domin na daman yana naɗe da tsumma tun ranar da ƙayar kifi ta soke shi.

Shekara shida ke nan yana kwaɓa garin maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abincinsu. Da fari sai sun kamu yake ba su. Daga baya, da ciwo ko ba ciwo, sai ya zuba. Yanzu ga shi yana ninkawa, su kuma suna ta mutuwa.

Matarsa ta fito shanya, ta tsaya tana kallonsa.

"Maigida, hannun nan fa ya fara wari. Don Allah mu je asibiti."

"In na tafi, wa zai duba su?"

"In ka faɗi, wa zai duba mu?"

Kwanansa biyar a gadon asibiti, kumburin ya haura gwiwar hannu. Likita ta zo da sakamakon gwaji, ta tambaye shi abin da yake ba kifinsa. Ya faɗi sunan maganin ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

"Shi muka fara ba ka, Malam, da wasu biyu. Ƙwayar cutar da ke hannunka ta saba da su duka."

"A ruwana ta saba?"

"Ba zan rantse ba. Akwai wata allura, amma yatsu biyu kam sai an cire."

Bayan aikin, matar ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita. Ya dube ta ya ce:

"Kifayen da suka rage, kada ki sayar wa kowa. Jikinsu duk magani ne, kuma yaran mutane za su ci. A haƙa rami a binne su."

Fifitar ta tsaya.

"Tun shekaranjiya masu saye suka kwashe," ta ce a hankali. "Da me kake tsammani aka sayo allurar?"

Ya juya ya dubi robar ƙarin ruwan da aka zuba allurar a ciki, tana rataye a saman kansa. Ruwan yana ɗiga, ɗaya bayan ɗaya, yana gangarowa cikin jijiyarsa.