Wuƙar Roba

An koya wa yaron ƙwace wuƙa, an kuma koya masa mayar da ita. Abin da ya ɓata komai ke nan.

Ɗan yayata ne, Dogo muke ce masa, kurtu a ofishin 'yan sandan da nake saje. Aka turo mana wani daga hedikwata ya koya mana kare kai idan an zaro mana wuƙa a matsattsen wuri. Gajere mai tumbi, usur a wuya, farin takalmi kamar mai zuwa biki. Muka sa masa Usur.

Wuƙar roba guda ya zo da ita, yana lallaɓa ta kamar jaririya. Ya jera benci biyu a tsakiyar fili, wai lungu ke nan. Mutum biyu su shiga, wannan ya kawo suka, wancan ya murɗe hannu ya ƙwace. Ranar farko wani kofur ya ƙwace ya yi jifa da ita, ta faɗa kwata.

"Kayan gwamnati!" Usur ya daka tsawa. "Ubanka ya saya? Tsallen kwaɗo!"

Daga nan doka ta kafu. Ka ƙwace, ka juya ƙota, ka miƙa wa abokinka, a sake.

Dogo ya zama ɗan gaban goshi, don Usur ya ce wanda ya fi kowa zai sami igiyar ƙarin girma. Ko an tashi sai ya bi ni da mataji, wai wuƙa ce.

"Kawu, kawo suka mana."

"Tafi can, ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne."

Wata safiya aka kawo wani ƙato daga tasha. Muka shiga da shi lungun sel, inda mutum biyu ba sa gifta juna. Dogo na riƙe da shi, ina bayansa da makullai. Ashe akwai wuƙa a safar ƙaton. Ya sunkuya ya zaro.

Wallahi ƙwacen ya yi kyau. Kafin in ƙifta ido wuƙa tana hannun Dogo. Sai na ga ya juya ƙota ya miƙa.

Ƙaton ma sai da ya tsaya kallonsa. Sannan ya karɓa.

Ba hanyar da zan wuce. Kafin in ture Dogo in danne mutumin, ya yanke masa wuyan hannun dama har ƙashi.

Usur ya zo asibiti da farin takalminsa, ya tsaya nesa da gado.

"To ai ƙwacen ya yi daidai, Saje."

"Ya yi, ranka ya daɗe. Miƙawar ma ta yi."

Yanzu Usur yana can wani ofishin da wuƙarsa, an ƙara masa tauraro. Dogo kuwa an sallame shi. Yatsunsa ba sa lanƙwasa, uwarsa ke sa masa maɓallin riga.