Muryar Matata a Wayar Kamfani

Bayan isha'i ina zaune ina sauraron ɗigar famfon tsakar gida, don na lura sautinta kan sauya idan hadari na tafe, sai na ji matata tana magana ta cikin bango. Ita da ta daɗe a ƙasa.

"Kada ki cika gam. Shafa ɗaya, ki bari ya sha iska."

Ban tsorata ba. Na zura takalmi na yi sallama ɗakin maƙwabciyata mai ɗinki.

Auta, 'yar mai ɗinkin, ce zaune da waya a cinya. Kamfanin takalma ya ɗauke ta aiki, a sashen da matata ta tsufa. Ashe kafin a sallami tsofaffin ma'aikata sai da aka naɗi muryar kowa yana bayanin aikinsa, aka adana wa sababbi.

"Baba, wallahi Inna ta iya koyarwa. Ban yi wata ba, har an fara yabona."

"Ni ma ta koyar da ni," na ce, "sai dai ban taɓa cin jarrabawarta ba."

Mai ɗinki ta yi dariya har zare ya suɓuce mata.

*

Na mai da ɗakin wurin hirata. Komai na nan a wayar: riƙon buroshi, gane fatar da za ta tsage, har 'yar dariyarta. Amma akwai inda maganar ke yin tsalle, kamar faifan da aka bangaji allurarsa. Na san abin da ke wurin. Ranar da aka naɗa, ta dawo tana ba ni labari: ta ce duk mai zama ɗakin gam ya buɗe tagar baya ko da shugaba zai yi faɗa, don warin nan ne ya cinye mata ƙirji. Masu kamfanin sun yanke wurin. Tarinta ma sun share. A wayar lafiyarta lau.

Na gaya wa Auta.

"Tagar baya? Ai an toshe ta da bulo, Baba. Kuma in na yi magana, masu jiran aikin sun cika bakin ƙofa."

Ta sake kunnawa. Matata tana bayanin manna dunduniya, a natse, Auta ta kau da kai ta yi wani ɗan busasshen tari cikin mayafinta.

Ƙafar mai ɗinki ta tsaya a kan keke. Ta juyo ta dube ni.

"Baba, ita marigayiyar… da irin wannan ta fara?"