Idon Zaki na Maigida Ne

Shekara hamsin da uku ina zana zaki a bayan manyan motoci, kuma ban taɓa zama a aji ba. Sau uku na faɗo daga tsani, sau ɗaya rumfata ta ƙone ƙurmus, tirela ta taɓa bi ta kan ƙafata, ga ni nan daram. Da injin buga sitika ya zo, duk sa'o'ina suka nannaɗe tabarma. Ni kaɗai na rage a bakin gareji, domin direba ya san zakin roba ba ya tsorata kowa.

A gidanmu akwai doka, daga maigidana na gaje ta. Mai koyo zai shekara uku yana wanke buroshi, sannan a ba shi wutsiya. Daga wutsiya sai ƙafafu, sai geza. Ido kuwa na maigida ne. Ranar da ka ɗiga ido da hannunka, ranar aka yaye ka. Ni sai da na shekara goma sha ɗaya kafin in taɓa ido, kuma ban mutu ba.

Bahago, wanda ke koyo a hannuna, ya shekara bakwai. Da hagu yake zane, na yi na yi in juya shi, abin ya gagara. Wata Alhamis ya zo ya durƙusa, ya ce wani asibitin yara na neman mai zana musu bango gaba ɗaya. Sun ga aikinsa, sun yaba, amma sai maigidansa ya je ya shaida da bakinsa cewa an yaye shi. In Litinin ta wuce, wani za su ba.

Na ce, "Ka taɓa yin ido?"

Ya sunkuyar da kai.

"To saura shekara huɗu. Ɗauko fenti."

Da na koma gida, matata ta ce, "Kai da ka zuba gishiri a shayi jiya, kai ne mai riƙe ido?" Na ce mata gwangwanayen ne suka yi kama.

Ranar Asabar wani direba da ake kira Ba-Birki ya zo ɗaukar motarsa. Bahago ya gama zakin tsaf, geza kamar iska na kaɗa ta, saura ido. Na ɗauki siririn buroshina na gashin akuya, na hau tsani. Gaskiya buroshin ya ɗan kauce, amma tsanin ne ba shi da kyau. Na ɗiga, na sauko, na goge hannu.

Ba-Birki ya ja da baya, ya karkata kai. "Baba, zakin nan harara-garke ne? Ido ɗaya na kallona, ɗaya na duba iskar taya."

"Salo ne. Yana tsaron gaba da baya."

"To Allah ya ƙara basira. Yaushe za ka tafi cin abinci?"

"Ina ruwanka da cikina?"

"A'a, sauri nake. In ka tafi ne Bahago ke gyarawa, kamar kullum."

Mai faci ya ajiye guduma, ya shiga duba wata taya da babu abin da ya same ta. Bahago kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Na ce, "Tun yaushe?"

Bahago ya ce, "Shekara biyu, Baba. Tun zakin mai tankar ruwa, da idon ya sauka a kunne."

"Wa ya sani?"

Ba-Birki ya ce, "Har mai shayi."

Na tuna yadda direbobi ke ta cewa idon zakina ya ƙara kaifi a 'yan shekarun nan, ni kuma ina ce musu tsufa ne ke gyara hannu. Na hau tsanin nan kuma, na kai fuskata dab da ƙarfe, na ga abin da na ɗiga. Ko akuyar da aka tsige wa gashin ba za ta yarda da shi ba.

Na sauko na miƙa wa Bahago buroshin. "Hau. A gabana, ba a bayan kwanon abinci ba."

Ya hau, ya shafe nawa, ya ɗiga sau biyu da wannan hagun nasa. Zakin ya dube mu, har Ba-Birki ya matsa.

Na ce wa jama'a, "Doka ba ta karye ba. Wanda ya yi ido an yaye shi. Ashe tun shekara biyu na yaye shi, sanarwa ce kawai ta makara. Ni goma sha ɗaya na yi, yarona ya gama a biyar. Ku nuna mini wani maigida da ya iya haka."

Litinin na sa babbar riga, muka je asibitin, na shaida musu da bakina. Bangon ya fi tirela shida tsawo. Bahago ya cika shi da zakuna, ya roƙe ni in sa hannu don albarka, ya ba ni wutsiya.

Duk wanda ya je can ya duba zaki na uku daga ƙofa. Yara sun fi taɓa wutsiyarsa, har fentin ya fara gogewa.