Kwali Na Goma Sha Bakwai

Kujerar da na gyara masa da hannuna ita suka fara karyawa a gadon bayansa. Ina shago ina goge katako na jiyo ƙarar ta bayan katanga, na ruga da guduma a hannu, wai ni jarumi. Ko ƙofar falon ban gama shiga ba wani ya shaƙe ni ta baya, ya murɗe min hannu, gudumar ta koma wurinsu.

Su uku ne, da rana tsaka. Baba Tarihi, maƙwabcina na shekara goma sha ɗaya, yana kwance a ƙasa, gilashinsa ya fashe, jini na bin gemunsa. Tsohon malamin jami'a ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo ƙauye-ƙauye da rikoda, yana sa tsofaffi magana. Mu 'yan layi muka laƙaba masa sunan, don ko ina kwana ka ce masa sai ya gaya maka asalin gaisuwar.

Babbansu, mai ƙaton tumbi da agogon zinariya, na san shi. Ɗan wani attajiri ne da ya rasu, yana shari'a da mutanen wani ƙauye a kan fadama. Shekara talatin da suka wuce, ubansa ya faɗa wa Baba da bakinsa cewa aron fadamar aka ba shi, Baba kuma ya rubuta, ya naɗa a kaset. Lauyan mutanen ƙauyen ya ji labari, ranar Litinin zai je laburaren jami'a, inda Baba ya kai takardunsa da kaset-kaset ɗinsa, ya nemi shaidar.

"Tsoho, tashi mu je ka karɓo kayanka," in ji mai tumbin.

"Ai ba nawa ba ne yanzu," Baba ya ce, yana tofar da jini. "Ba ajiya na kai musu ba, kyauta na ba su, har na sa hannu. Ni kaina sai na cike fom, su ba ni fensir, in zauna in karanta kamar kowa."

"Ji min tsohon nan, ana dukansa yana ba mu lacca."

Ɗaya daga cikin yaransa ya sa takalmi ya hambare shi a haƙarƙari, sau uku. Na ji wani abu ya yi ƙara a ƙirjinsa kamar busasshen ice.

"To shi ke nan," mai tumbin ya ce, ya tsuguna. "Muna da mutum a ciki. Amma kwali sittin da huɗu ka kai, ba zai iya kwashe su duka ba. Wanne ne?"

Baba ya rufe ido. Suka jawo hannunsa na dama, suka shimfiɗa a kan siminti, suka ɗaga gudumata. Bugun farko ya sami ɗan yatsan da yake nuni da shi. Bai yi ihu ba, wani irin gurnani ya yi, wanda har gobe ba zan manta ba. Bugu na biyu ya farfasa na tsakiya.

Ni kuwa na san lambar. Ni na taya shi ɗaure kwalayen, ni na rubuta lambobin da alƙalami yana faɗa min, kuma da muka zo kan wannan cewa ya yi in ɗauke shi a hankali, gonar mutane ce a ciki.

"Goma sha bakwai," na ce. "Wallahi goma sha bakwai ne. Ku ƙyale shi."

Suka yar da gudumar, suka fita suna gyara riguna kamar waɗanda suka zo gaisuwa.

A asibiti likita ya ce haƙarƙarin ya huda huhu. 'Yarsa ta iso washegari, ita ke gefen gado, ni ina bakin ƙofa na kasa haɗa ido da shi. Sai da yamma ya yafito ni da hannun hagu.

"Kafinta."

"Na'am, Baba."

"Hannuna ne fa. Ba naka ba."

"Baba, kashe ka za su yi."

"To yanzu me suka yi?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Gida arba'in ke ci a fadamar nan."

Bai ƙara ce min komai ba. Ranar Asabar da hantsi ya cika, kuma na yi kuka irin wanda ban yi wa ubana ba, don kunya ta fi baƙin cikin yawa.

Bayan mako guda laburaren ya kira 'yarsa, ta ce in raka ta. Ɗakin adana takardun yana can ƙasan ginin, sanyi kamar cikin firij, kantocin ƙarfe jere. Ma'aikaciyar wurin, wata mace mai farar safar hannu, ta yi mana ta'aziyya, sannan ta ce an sace kwali ɗaya, na goma sha bakwai, an tsinci tokarsa a bayan ginin.

"Amma lauyan ya sami takardarsa da kaset ɗin," ta ce.

Na ce, "Ta yaya?"

"Ai mu ba ma bin lambar mai kaya. In kaya suka shigo sai mu zazzage, mu jera su bisa tsarinmu, mu sa tamu lambar. Na fadamar yana cikin arba'in da ɗaya."

Daɗi ya kama ni har na dafa kantar ƙarfen, sai kuma na tuna Baba ya tafi bai sani ba. Ya mutu yana ganin na sayar da gida arba'in a kan yatsunsa.

"To me ke cikin wanda aka ƙona?" 'yarsa ta tambaya.

"Hirarsa da mata masu ginin tukwane. Su ashirin da biyu, duk sun rasu. Ba mu kai ga kwafa ba tukuna."

Babu wanda zai je kotu a kansu. Ma'aikaciyar ta kai mu layin, ta nuna mana gurbin tsakanin sha shida da sha takwas. Na sa hannuna a ciki, taƙi ɗaya da yatsa uku, ƙarfen da sanyi. Ita kuma ta tsaya da yatsa a kan makunnin fitila tana jira in cire.