Muryar Hajjo a Motar Kabo

Duk Kano babu wanda bai san muryar Bushira ba, amma ba a san fuskarta ba. Ita ke rera waƙa a situdiyo, wata 'yar wasa kuma ta fito a talabijin tana motsa baki tana fari da ido, a tafa mata. Bushira ba ta taɓa jin haushi ba, domin wannan ɓuyan shi ne rufin asirinta. Mahaifinta, Malam Sajo na Dugabau, ya san dai ɗinki take koya a gidan gwaggonta.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, samari suka tara kasa-kasan waƙa suka cinna musu wuta a filin masallaci. A nan Malam Sajo ya miƙe ya rantse a gaban jama'a: ranar da ya ji da kunnensa ɗansa ya shiga wannan harka, ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Shi kuwa mutum ne da ko cikin raha ba ya ƙarya.

To, ga shi an yi masa aikin ido a Gwarzo, an naɗe idanun da bandeji, Bushira ta zo mayar da shi gida. Ana wahalar mai, an cusa fasinja kamar buhunan dawa. Motar ko birkin kirki ba ta da shi, amma rediyonta lafiya lau. Suna fita gari direba Muntari ya tura kaset.

Kiɗan na tashi Bushira ta gane waƙarta ce. Da a ce wata waƙar ce da sauƙi. Wannan kuwa karinta na marigayiya Hajjo ne, mahaifiyarta, wanda take yi wa saniya in za ta tatse ta. Bushira ta sauya baitukan ta mayar da su na soyayya, amma ta bar 'yar karyar muryar da Hajjo ke yi a ƙarshe. Wa ya taɓa zaton zai isa kunnen Baba?

"Yarinyar nan akwai murya," in ji wata mata a baya.

"Akwai dai rashin mafaɗi," wani dattijo ya tare ta. "Ina ubanta yake?"

Hannun Malam Sajo ya lalubo wuyan hannun Bushira ya damƙe. Ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Gumi ya jiƙe mata hijabi, numfashi ma a sace take yinsa. Ta roƙi Allah kaset ɗin ya cije, bai cije ba. Da aka zo wurin karyar muryar, damƙar ta ƙaru har yatsunta suka mutu.

A tashar Kabo mota ta tsaya. Muntari ya zagayo don ya taimaka wa tsohon, sai ya ga bandejin ya jiƙe sharkaf da hawaye.

"Subhanallahi! Baba, ciwon ne? Ko waƙar ce ta dame ka? A yi mini afuwa."

Bushira ta runtse ido tana jiran hukunci a gaban 'yan tasha.

"Wace waƙa?" in ji Malam Sajo. "Tun da suka yi mini allura kunnena ya toshe. Ban ji komai ba, ɗana."

Ta riƙe shi suka nufi inda masu babur ke jira. Sai da suka yi nisa da mutane ya tsaya.

"Bushira."

"Na'am, Baba."

"Yau na yi ƙarya da furfurata saboda ke. Ba zan iya ta biyu ba."

Bai saki hannunta ba, ita kuma ta kasa ɗaga ƙafa.