Mai Lamba Uku

Mako uku Saudatu ta yi tana gwada wasu furob guda uku a ɗakin gwaje-gwaje na kwalejinsu da ke hanyar Gubi. Furob wayar awo ce da ke rage ƙarfin wuta, ko bolt dubu ce, kafin ta shiga osiloskof, na'urar da ke zana motsin lantarki a allo. Ɗaya za a saya wa ɗalibai, kuma sunanta ne zai hau rahoton. Ta manna wa kowane lamba da takarda.

Ranar yanke hukunci kwamiti ya zo da manyan riguna. Shugabansa, Alhaji Hammawa, mutumin kirki ne, amma ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa da hannunsa ba.

Saudatu ta ce, "Ranka ya daɗe, gwajin mai sauƙi ne. Kowane furob yana da baki biyu, zan ɗora su a wuri ɗaya. Tunda babu bambanci tsakaninsu, mai kyau ba zai nuna komai ba."

Na ɗaya ya ja layi miƙaƙƙe, shiru. Na biyu ya ɗan yi rawa. Na uku kuwa ya cika allo da tsalle-tsalle. Fuskar Alhaji ta washe.

"Ma sha Allah! Ga mai aiki nan."

"Ranka ya daɗe, ƙarya yake zanawa. Ɗalibai za su..."

"Malama, idona ya gani. Ba za mu sayo malalaci ba. Rubuta lamba uku."

Sauran 'yan kwamiti suka gyaɗa kai, dama abin da ya kawo su ke nan. Ran Saudatu ya ɓaci sosai. Da suka fita cin shinkafa, ta ɓamɓare takardun, ta manna lamba uku a jikin na ɗaya, ta rubuta sunan kamfanin da ya ƙera shi a rahoto. Kowa ya sa hannu, babu wanda ya karanta.

Bayan wata biyu Alhaji ya kawo baƙi su ga abin da ya zaɓo. Ya ce a maimaita gwajin nan. Saudatu ta haɗa wayoyi, layi ya miƙe sambal.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo.

"Wata biyu kacal, Malama, har kin kashe shi?"

Washegari ta sami takardar tuhuma a kan teburinta: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu yadda aka yi kayan gwamnati ya lalace a hannunta.