Albasar Tarmuji a Taragon Siminti

Ranar Talata ce, tun hantsi ake yayyafi a garin Brebes, irin wanda ba ya hana mutum fita amma sai ya jiƙa shi. Tarmuji ya yi lodin albasarsa a amalanke uku, buhu saba'in da huɗu. Sittin noman bana ne. Sha huɗun kuwa iri ne, na shuka mai zuwa, wanda ya yi wata biyu rataye a saman murhu yana shan hayaƙi. Yana sauke shi matarsa Warsiti tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu.

"Kang, iri fa ba a kai shi kasuwa," ta ce. Haka take kiransa, wato Yaya, tun kafin aure.

"An ce a Jakarta albasa ta ninka kuɗinta. In na dawo na sayi wanda ya fi shi."

"An ce. Wa ya ce?"

Ya ci gaba da sauke irin. Ita kuma ta koma wajen shinkafarta.

A tashar jirgin ƙasa tarago biyu ne babu kaya. Ɗaya na katako ne, jikinsa duk tsagi-tsagi, iska na shiga tana fita. Shanu aka sauke daga cikinsa, kashinsu ma bai bushe ba. Ɗayan na ƙarfe ne, rufaffe ruf, siminti ya kawo, an share shi tas. Pak Kasdun, wato Baba Kasdun, tsohon da ya shekara talatin yana shugabantar 'yan dakon tashar, ya nuna na katakon da karan sigarinsa.

"Ga naka nan."

"Haba Pak! Albasar tawa a cikin kashin shanu? Ga kuma ruwa?"

"Ruwa na san maganinsa, tabarma za mu rufa ta gefen da yake bugowa. Kashi kuma a wanke. Kai yaro, kowane tarago da abin da yake ci. Wancan na ƙarfen, siminti da gishiri da sukari, abin da ba shi da rai. Albasa numfashi take yi kamar ni da kai."

Wani ɗan dako ya ce, "Bar shi, Pak, amarya zai kai birni, ba ya so ta yi wari." Sauran suka tuntsire da dariya.

Dariyar ce ta ƙara tunzura Tarmuji. Ya dubi sararin sama, baƙi ƙirin ta wajen teku. Duk rayuwarsa abu ɗaya aka koya masa: kada ruwa ya taɓa albasa. Mahaifinsa kan bar abinci a faranti ya ruga ya rufe shanya da zarar hadari ya taso. Yanzu kuma a ce ya zuba komai nasa a akwati mai ramuka?

"Kwana ɗaya ne fa kawai, Pak. Gobe war haka an sauke."

"In Allah ya so."

"Na ƙarfen nake so."

Tsohon ya jefar da sigarin, ya take shi da ƙafa. "Kayanka ne. Ku loda masa."

Aka jera buhunan har sama, da danshin yayyafi a jikinsu. Aka ja ƙofa, aka sa sakata. Tarmuji ya hau jirgin fasinja da azahar, ya riga kayansa isa Jakarta.

Laraba kaya ba su zo ba. Wani ma'aikaci ya ce kogi ya cika bayan garin Cirebon, ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, an tsayar da jiragen kaya a wata ƙaramar tasha. Ruwan kuma ya ɗauke. Rana ta fito, irin wadda ke sa kwalta ta yi laushi. Tarmuji ya zauna a bakin ma'ajiyar kaya, hularsa a gwiwa, yana kallon wani taragon ƙarfe da ke tsaye a gabansa. Ya tashi ya ɗora tafin hannu a jikinsa, ya janye da sauri. Ya sayi shinkafa a ganyen ayaba, ya kasa ci.

Alhamis ma haka. Ya roƙi a bar shi ya bi dogo ya je ya buɗe ƙofar ko da taƙi ɗaya ne. Aka ce masa ba wanda ke taɓa sakatar tarago a hanya.

Sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci jirgin ya shigo. Tun kafin a zare sakata Tarmuji ya ga ruwa ja-ja yana ɗiga ta ƙasan ƙofar. Da aka ja ta, wani tururi ya bugo su, 'yan dako suka ja da baya suna toshe hanci da riga.

"Kai! Maigida, wannan miya ka aiko mana ko albasa?" in ji ɗayansu.

Buhunan sama sun dahu, na ƙasa sun narke. Tarmuji ya hau da kansa, yana farke su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na nutsewa har wuyan hannu. Na irin yake nema, waɗanda ya ɗaure wa baki da jan ƙyalle. Su ya sa aka tura can ƙurya don kada a taka su. Ko ɗaya bai tsira ba.

Ya yi ta tsinta har la'asar. Wata mai sayar da soyayyar albasa ta tsuguna ta taya shi, ta kwashe abin da ya tsira a kan kuɗin da bai wuce na komawa gida ba.

Buhu biyar aka tsinta. Hamsin da biyar na noman bana aka kwashe da shebur zuwa juji, da sha huɗu na iri. Gona ɗaya kuma, tasa, can a Brebes, ba abin da za a shuka a cikinta.